Mutumin da Na Goge

A shekarata ta ƙarshe ta karatun kwamfuta a Guangzhou, ko abinci na zauna ci ba na jin ɗanɗanonsa. Duk kamfanin da na aika wa takardar neman aiki, na gida da na nan, tambayarsu ɗaya ce: a ina ka taɓa aiki, wa zai shaide ka? To ni ina na taɓa aiki? Ba a ɗaukarka sai ka ƙware, kuma ba ka ƙwarewa sai an ɗauke ka. Bizar karatu ta kusa ƙarewa, a gida kuma mahaifiyata ta gama shaida wa unguwa cewa ɗanta injiniya ne a ƙasar Sin. Daga ƙarshe wani kamfani mai bin sawun kayan da ake aikawa gida ya tausaya mini. Suka ce in kawo takarda ɗaya kafin ƙarshen wata, mai sa hannun wani babba, da ke nuna na taɓa gina abin da mutane suke amfani da shi da gaske. Wannan takardar ita nake kwana da ita, ita nake tashi da ita.

Wata Juma'a bayan an idar da salla na ji ana cewa ƙungiyar 'yan kasuwarmu tana neman wanda ya iya kwamfuta ya taimaka saboda Allah. Ni dai gaskiya ba saboda Allah na je ba, saboda takarda na je.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Teburi ɗaya ne a kusurwar wani ofishin aika kaya a benen Tianxiu, tsakanin kwalaye. Aikinta shi ne idan ɗanmu ya kwanta ciwo a nema masa tafinta a duba shi, idan ya rasu a yi masa sutura, sannan a sanar da gida. Mai riƙe da teburin wani dattijo ne ɗan Maraɗi, sakataren ƙungiyar, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe a garin har yana shan koren shayin Sinawa a kwalba kamar su, sai dai shi yana zuba sukari. Duk abin da ƙungiyar ta mallaka yana cikin wani babban littafi mai baƙin bango da yake kira kaye. Kowane mutum da layinsa: suna, sunan uba, gari, ranar haihuwa kamar yadda take a fasfo, da lambar wanda za a kira a gida. A gefen shafi kuma, da ƙananan rubutu, Baba yakan sa abin da mutum yake saye da wanda ya kawo shi. Ba ya rubuta kowa sai ya tambaye shi, "Wa ya kawo ka?"

Ranar farko ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna littafin da kwamfuta ya ce, "Kai ne injiniyan? Bon. Ga kaye, ga ordinatar. Ka aura musu juna, amma kada a ci amanar amarya."

Ni mutum ne mai saurin raina aikin da ba nawa ba, wannan halin nawa ne tun ina yaro. Na buɗe littafin na ji raina ya ɓaci. Wani rubutu da boko, wani da ajami, wani shafin da zanen gindin kwalbar shayi. Na kwashe sati uku ina zuwa bayan darasi ina shigar da sunaye. Na yi wa kowane abu gurbinsa, sai rubutun gefen nan ne ban yi wa ba. Na ce a raina, mai takalma, mai wayoyi, baƙon wane, wannan ai hirar shago ce, ba bayanin da za a sa a rumbun ajiya ba.

Da na gama sai na ga maimaici. Mutanenmu suna zuwa suna komawa, Baba kuma yakan sake rubuta mutum idan ya manta ya taɓa rubuta shi. Sai na sa manhajar ta nemo duk inda suna da sunan uba da gari da ranar haihuwa suka zo ɗaya, ta bar sabon layi ta zubar da tsohon. Haka aka koya mana a makaranta, wai da wuya mutum biyu su haɗa waɗannan huɗun. Wanda ya koya mana bai taɓa zuwa Kano ba. Mutanen littafin nan da yawansu ɗaya ga Janairu aka haife su, ba don iyayensu sun haɗa baki ba, sai don ranar da suka je yin fasfo shekara kawai suka iya ƙiyastawa, ma'aikacin ya cike musu sauran. Abin haushin shi ne na san da haka. Mahaifina ma ɗaya ga Janairu ne a takarda.

Akwai layi biyu da na tsaya a kansu, har na koma littafin na duba. Komai ɗaya, lambobin gida ne kawai suka bambanta. A gefen tsohon an rubuta "mai labule, baƙon mai sikeli", a gefen sabon an rubuta "mai takalma". Na ce ɗan kasuwa ne, bara labule bana takalma, ya kuma canza lamba. Na danna, tsohon ya tafi. Na ajiye kwafin aikina wuri biyu kamar yadda ƙwararru suke yi, sai dai bayan na gama sharar na ajiye.

Lokacin nan ne na shekara da bangon ɗaki yake gumi a Guangzhou, tufafi su ƙi bushewa, komai ya yi funfuna. Littafin ya kumbura yana wari. Na dami Baba da cewa zai sa masa tari, kuma ajiye abu biyu shi ke kawo ruɗani. Ya yi ta jan ƙafa har na ƙure shi. Ni da hannuna na miƙa wa tsohuwar Basiniyar da take zuwa kwasar kwalaye a kekenta. Baba ya bi littafin da kallo har ta sha kwana. Da ya juyo ya ce, "Rubuto takardar taka, ran Juma'a in sa hannu." Na fito ina taku kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ranar Talata da hantsi Baba ya kira ni, in zo da kwamfuta. Wani ɗanmu ya yanke jiki ya faɗi a wata kasuwa a Liwan, an kai shi asibiti, ma'aikatan kuma sun san Baba, shi suke kira idan an kawo baƙar fata Musulmi ba kowa tare da shi. Muka tarar da mutumin kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, an rufe masa fuska da abin shaƙar iska. Wayarsa ta tarwatse wajen faɗuwa. Abin da ke jakarsa fasfo ne da carbi da ƙyallaye masu kauri an yanka su ƙanana. Likitan ya gaya mini da Sinanci cewa jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma in yana da dangi a gaggauta sanar da su.

Na buga sunan da ke fasfo, nan take layi ɗaya ya fito da lambar wansa. Har da ɗan murmushina, ina kallon Baba ta gefen ido ko ya ga saurin abin. Baba ya fita baranda ya kira. Irin wannan kira yana da ladabinsa, ba a kiran mata ko uwa, namiji babba ake nema, a yi doguwar gaisuwa, sannan a ce jikin wane ya ɗan matsa, ana neman addu'a. Haka ya yi. Muka koma kowa ya kama harkarsa.

Washegari Laraba ina teburin ina gyara jimlolin takardata, ina neman inda zan sa kalmar "jagoranta", sai ga wani ƙato ya banko ƙofa da buhun takalma ƙafa ɗaiɗai a kafaɗa.

"Salamu alaikum! Ga mara lafiyan ya sallami kansa! Baba, me na yi muku? Ina masana'anta a bayan gari ba sabis, yau da safe na kunna waya na ga kira kamar ruwan sama. Matata ta yi kuka har muryarta ta dushe, yayana har ya fara neman biza. Wai ina kwance rai a hannun Allah! Ni da na cinye kwano biyu na shinkafa jiya!"

Mutanen ofishin suka fashe da dariya. Wani ya ce ya gode Allah, aƙalla ya san ana sonsa. Baba bai yi dariya ba. Ya faɗi sunan da ke fasfon, mutumin ya ce nasa ne, na uba ma nasa ne, shekara ma tasa ce.

"To wane ne kwance gidan likita?"

"Takwarana ne ke nan. Ni ban san shi ba, Baba. Kano ai ba ƙauye ba ce."

Ina kallon buhun takalman nan sai ƙyallayen jiya suka faɗo mini a rai. Yadin labule ne. Mai labule, baƙon mai sikeli. Mutum biyu ne, ni na mai da su ɗaya, kuma wanda na zubar shi ne yake kwance.

Baba ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Ko bai taɓa zuwa munka rubuta shi ba, ko ni na tsallake shi. Tsuhwa kenan, ɗiyana. Ordinatar ai ba ta ƙarya, abin da anka ba ta shi take maidowa."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Juma'a saura kwana biyu. Na hango Baba yana ninke takardata yana miƙo mini ba sa hannu, na hango kaina a filin jirgin Kano da akwati da digiri da kunya. Sai na ce wa kaina ai ba sai na faɗa ba, ina da bakin zaren, zan nemo mai sikelin da kaina, in kawo lambar in ce bincike ne ya ba ni. Har in ƙara samun yabo.

Na bar Baba yana kiran duk mai sayen labulen da ya sani, na fita. Na shiga ofisoshin aika kaya ɗaya bayan ɗaya, hawa hawa, na sauka na tsallaka titi na shiga na makwabta. Kowane ofishi da sikelinsa da mai awonsa. Ina shiga da jakar kwamfuta a baya, in yi sallama in ce ina neman mai sikelin da ya taɓa saukar wani baƙo mai labule. Sai a dube ni daga sama har ƙasa. A garin nan ba a ba wa baƙuwar fuska labarin mutum, don ba ka san wanda bizarsa ta ƙare ba, ba ka kuma san wanda ya aiko mai tambayar ba. Wani ya ce, "Daga ina, ɗan samari?" Wani ya kaɗa hannu irin na masu shagunan Sinawa ya ce, "Meyo, meyo, babu," abokansa suna dariya. Wani Bagane ya ba ni ruwa ya ce in huta, fuskata ba ta yi kyau ba. Na yi fushi, na kusa zagin wani dattijo, alhali na san da kaina nake fushi.

Da la'asar na wuce asibiti, don ni ne tafintan ranar. Mutumin ya farfaɗo kaɗan. An ɗaga masa abin shaƙar, idonsa ɗaya a buɗe yana bin duk mai shigowa. Na yi masa sannu da Hausa sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, riƙo mai ƙarfi. Na tambaye shi lambar gida, ya yi ta motsa baki, lambobin suka ƙi haɗuwa. Na ba shi biro, ya yi zane kamar na kaza. Kalma ɗaya ce take fita sosai. "Inna." Ya huta ya sake, "Inna." Ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ni me yake cewa, na ce mahaifiyarsa yake kira. Ta ce to a kira masa ita mana, me ake jira?

Duk Bahaushe ya san abin da mutum yake nema wajen uwarsa a irin wannan gaɓa. Ba sannu yake so ba, so yake ya ce ta yafe masa, ya ji da kunnensa ta ce ta yafe. Na san haka sarai, na zare hannuna daga nasa, na ce masa in sha Allahu gobe. Tsoro ya cika ni, amma har a lokacin tsoron takardata ya fi yawa. Wannan ita ce gaskiyar, ba zan yi mata kwalliya ba.

Alhamis da sassafe na riga mai buɗe ofis zuwa. Baba ya iso da kwalbar shayinsa ya same ni a tsaye. Ban bari ya zauna ba, don na san in ya zauna ya fara tsokanata ba zan iya ba. Na ce, "Baba, ba kai ka tsallake shi ba. Yana cikin kaye. Ni na goge shi." Na faɗa masa duka, har da yawon da na yi jiya.

Ya ajiye kwalbar a hankali. "Mi anka rubuta a gehe?"

"Mai labule, baƙon mai sikeli."

"Tun yaushe ka tuna?"

"Tun jiya da safe, Baba."

Ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ɗauko wayarsa kawai. Ashe a bakin Baba mai sikeli mutum ɗaya ne tak, wani da ya daina awon kaya tun tuni ya koma wani gari yana harkar tayil, sunan ne ya bi shi. Shi ya sa duk yawona ban same shi ba. Kira ɗaya, gaisuwa, tambaya. Mai sikeli ya ce ƙwarai, ɗan unguwarsu ne, mutum ne mara son hayaniya, ba ya sauka inda jama'a suke sauka. Ya turo lambar ƙanin mahaifiyar mai labulen. Shayin Baba bai huce ba aka gama komai.

Sai muka jira gari ya waye a gida. Baba ya yi kiran yadda ake yi, kawun ya ce zai taka da ƙafarsa zuwa wajen tsohuwar, ya shirya ta, sannan a kira. Muka tafi asibiti. A cikin jirgin ƙasa Baba carbinsa kawai yake ja. Muna isa likitan ya tare ni a ƙofa ya ce tun da safe mutumin ya daina amsawa, jinin ya ƙaru. Na fassara wa Baba.

Bayan azahar wayar Baba ta yi ƙara. Ya gaisa da kawun, sannan ya miƙo mini ya ce, "Riƙe mishi." Na kara wayar a kunnen mutumin, na buɗe murya yadda za a ji. Tsohuwa ce, muryarta siririya, ana jin zakara yana cara a bayanta. Ta kira shi da sunan da uwa take kiran ɗan fari, ba sunansa na fasfo ba. Ta ce, "Ni ce. Kana jina? Yi magana mana." Ba abin da ya motsa sai ƙirjinsa da injin yake ɗagawa. Ta jira. Ta sake kira. Sannan ta ce, "To shi ke nan. Na yafe maka duniya da lahira. Ba ka taɓa saɓa mini ba, in ma ka yi na yafe." Ta yi masa addu'a mai tsawo, Baba yana amin, ni hannuna ya sage amma ban sauke ba.

Da ta gama ta ce, "Wane ne mai riƙe da wayar?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Ɗalibi ne ni a nan."

"Tun yaushe yake kwance, ɗan nan?"

"Yau kwana uku."

Ta ce, "Jiya yana magana?"

Na dubi Baba, Baba ya dubi bango. Na ce, "Yana yi, Inna. Ke yake kira."

Ban san me nake jira ba, wataƙila ta tambayi abin da ya hana a neme ta jiya, in faɗa mata, ta tsine mini in huta. Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Allah bai nufa ba. Kai kuma da ka tsaya a kansa a ƙasar da ba shi da kowa, Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka abin da kake nema."

Baba ne ya amsa amin ɗin.

Mai labule ya cika ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Ban kai wa Baba takardar ba, ban ma sake tayar da maganarta ba. Na sayo sabon littafi mai baƙin bango, na zauna a teburin ina tare duk wanda ya shigo ina tambayarsa abin da yake saye da wanda ya kawo shi, don ban san mutum nawa na zubar ba bayan wannan. Mun gano wasu huɗu. Ana saura kwana biyu wata ya ƙare Baba ya ce in buɗe kwamfuta in fitar da abin da na rubuta. Ya sa na karanta masa, ya sa na cire "jagoranta", ya sa hannu ya buga hatimi. Ya ce, "Aikin ka yi shi, ba ƙarya a ciki. Sauran tsakaninka da Allah ne."

Kamfanin ya ɗauke ni. Ranar da saƙon ya zo na kira mahaifiyata, ta yi guɗa, ta ce wannan addu'ar wani bawan Allah ce ta kama ni. Na ce mata haka ne. Ta tambaye ni me ya sami muryata, na ce mura ce.